Kwali Mai Lamba Sha Tara

Kun taɓa tashi daga gida a tsakiyar bazara, da baƙi biyar a falo, da zomaye biyu a kicin, da kyanwa mai tsohon ciki a ƙarƙashin gado? Idan ba ku taɓa ba, ku gode wa Allah, ku gyara zama ku ji yadda Akawu ta ƙare da tata bazarar.

Akawu ba sunan yanka ba ne. Dangin mijinta ne suka laƙaba mata tun satin farko na aure, ranar da yayar mijin ta ari cokula shida ta dawo da biyar, amarya ta biyo ta har bakin ƙofa tana tambayar na shidan cikin ladabi. Shekararta ashirin da shida, aurenta shekara biyu da wata huɗu. A kantin magani take aiki, daga takwas na safe zuwa biyu na rana, tana zuba ƙwayoyi a faranti tana jan su biyar-biyar zuwa cikin 'yar leda. Abin ya bi jininta. Ta san sabulun wanka ɗaya yana yi musu kwana goma sha ɗaya. Ta san taku ɗari biyu da goma ne daga ƙofarta zuwa inda take hawa mota. Ko addu'a take yi, yatsunta ba sa hutawa.

Mijinta mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne, kowa Injiniya yake ce masa, har mahaifiyarsa idan tana so ta zolaye shi. Bazara ita ce kakarsa. Yana fita wayarsa tana ƙara, yana dawowa tana ƙara, rigarsa ta yi farin gishirin gumi a baya.

Sai Toka, kyanwar. Ta mahaifin Akawu ce. Da ya kwanta jinyar da bai tashi ba, Toka ce take kwanciya a kan ƙafafunsa har wata biyar. Bayan rasuwarsa 'yan'uwa kowa ya ɗauki abin tunawa, wani agogo, wani tabarau, ita kuwa ta ɗauki kyanwa ta tafi da ita ɗakin aure. Injiniya bai hana ba. Mahaifiyarsa, wadda duk gidan suke kira Mama, ta ce abubuwa da yawa, kuma ba ta fasa faɗa ba. A ganinta dabbar da take lashe bayanta da harshen da take lasar kwano ba ta da wurin zama a gidan mutane masu tsafta.

To, a farkon bazarar nan mai ginin da suke haya ya sayar da shi, aka ba su wata ɗaya su tattara. Akawu ta duba gida goma sha ɗaya a cikin kwana tara. Na ƙarshen ta zaɓa: hawa na uku, matakala arba'in da biyu, ɗakin kwana biyu, falo, baranda mai faɗin tabarma ɗaya, da wani ɗan ɗakin ajiya marar taga a ƙarshen lungu. Mai kula da ginin, dattijo siriri da ake ce wa Mai Makullai saboda tarin da yake rataye a ƙugunsa, ya yarda da kyanwa ɗaya, da sharaɗin kada maƙwabta su ji ta ko su ji warinta. Akawu ta rubuta sharaɗin a littafinta ta ja layi biyu a ƙasa.

Ana wata ga wata. Saura kwana goma sha biyu su tashi, Mama ta iso, wai likitan ido za ta gani, kwana uku ta koma. Washegari Yaya, wato yayar Injiniya mai aron cokula, ta sauka da 'yan biyunta mata 'yan shekara bakwai, da jariri a baya, da kwando mai zomaye biyu, don an yi hutun makaranta kuma babu mai ba su ci a gida. Suka ce taya ta haɗa kaya suka zo yi. An ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar dai rana ta fito ta faɗi sau talatin da takwas ba ta bushe ba.

Kada ku ji an ce taya aiki ku ɗauka sauƙi aka samu. Sabulun kwana goma sha ɗaya ya koma na kwana uku. Safiyar farko Akawu ta share kashin zomo guda sittin da uku daga ƙarƙashin teburin girki, ta taka uku da ƙafa ba takalmi. Ta tarar da famfas ɗin jariri a naɗe a kan teburin cin abinci, kusa da burodi. Ta kama 'yan biyu suna yi wa zomo wanka a tukunyar da take dafa shayi, da soson wanke-wankenta. Yaya tana yanke farce a falo tana hira, farcen yana tsalle ya faɗa inda Allah ya so. Akawu ta haɗiye, ta sake haɗiyewa, ta ce sannunku da aiki.

Sannan Toka ta zaɓi ranarta. Ta shiga kwalin da aka jera fararen kayan Injiniya, ta haihu huɗu a kan rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Mama ta leƙa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce ɗaya ma ta ishi mutum baƙin ciki, yanzu ga biyar.

Duk da haka Akawu ba ta rikice ba, don tana da tsari, kuma tsarin ne abin alfaharinta. Ta kwaso kwalaye daga kantin magani, guda arba'in da uku. Kowanne ta cika, sai ta rufe da salatif, ta zana masa lamba da baƙin alƙalami mai kauri, ta rubuta abin da ke ciki a littafi. Daga ɗaya zuwa sha huɗu kayan sawa da na kwanciya, a buɗe su ranar farko. Daga talatin da ɗaya zuwa arba'in da uku kayan kicin, su ma ranar farko. Daga sha biyar zuwa talatin kuwa barguna ne da littattafai da tsofaffin ƙarafan Injiniya, waɗannan a jibge su a ɗakin ajiya, kada wanda ya taɓa sai baƙi sun tafi. Ta tara mutanen gidan, har Mama, ta kafa doka ɗaya:

"Kwalin da ba lamba, ba ya hawa mota."

Yaya ta ce to, ranka ya daɗe. 'Yan biyu suka roƙi a rubuta wa zomaye lamba a kunne.

Saura firiza. Dole a kashe ta a bar ta ta tsane kafin a ɗauka, Injiniya da kansa ya faɗa, kuma bayan an sauke ta sai ta huta yini guda kafin a kunna. Abin da ya rage a ciki: kaji biyu, kifi bakwai, hanta leda ɗaya, da wani dunƙulen nama. Akawu ta san zafin nan ba zai bar su su kai ba, ta ce a ba maƙwabciyarsu ta ƙasa mai yara shida. Mama ta ji, ta yi tsaki, ta ce 'ya'yan zamani ba su san zafin nema ba, kaji biyu sukutum a miƙa wa wadda ko gaisuwar kirki ba ta iya ba. Da safen tashi Akawu ta miƙa wa Injiniya ledar ta ce ya sauka da ita. Can anjima ta tambaye shi, waya tana kunnensa, ya ɗaga mata hannu ya ce an gama. Ta buɗe littafi ta soke layin. Ta tuna dai ta nemi alƙalaminta na ɗan lokaci ta rasa, daga baya ta gan shi a kan kujerar Mama, ba ta kawo komai a ranta ba.

A sabon gida ta tsaya a bakin ƙofa da littafi a hannu. 'Yan dako uku suna hawowa suna haki, kowanne ya faɗi lambar da ke kansa, ita ta soke, ta nuna masa ɗaki. Tsakar rana zomo ɗaya ya tsere daga kwando ya bi matakala, 'yan biyu suka bi shi da ihu, jariri ya zaɓi wannan lokacin ya amayar da madara a kafaɗarta. Minti goma ta bar ƙofar. Da ta dawo ta bi lambobin da ba ta soke ba, ta leƙa ɗakuna ta gan su, ta soke. Arba'in da uku cikin arba'in da uku. Ko kofi ɗaya bai fashe ba. Ta rufe littafi da irin murmushin wanda ya ci jarrabawa.

Kwana biyu lafiya. Mama ce kawai take cigiyar wani zanenta mai ruwan ƙasa da furanni, tana cewa 'yan dakon nan idonsu bai kwanta mata ba.

A rana ta uku wani abu ya fara bugowa a lungu, kaɗan-kaɗan, kamar mutum ya wuce bayan mahauta da rana. A ta huɗu ya shigo falo ya zauna tare da su. A ta biyar ba a iya haɗiye abinci sai a baranda, mutum bakwai a faɗin tabarma ɗaya, gwiwa tana gugar gwiwa. Wari ne mai nauyi, mai zaƙi-zaƙi a ƙarshe, irin wanda yake manne wa maƙogwaro, ka sha ruwa ka ji shi a cikin ruwan.

Mama ba ta ɓata lokacin bincike ba. Ta ce kyanwa ce. Kuma Toka ta taimaka mata da shaida, don tun rana ta uku ta bar 'ya'yanta ta tare a ƙofar ɗakin ajiya, tana yaƙushin katako, tana kuka kamar an mata mutuwa. Mama ta ce ga shi nan, inda ta binne ƙazantarta take gadi. Yaya ta ce ita ma tun farko ta zargi haka, tana faɗa tana canza wa jariri famfas a kan kujerar falo. Akawu ta kalle ta, ta tuna gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ba zama ta yi ba. Ta wanke ƙasan gidan sau tara. Ta ƙarar da kwalba huɗu ta ruwan bilic har fatar yatsunta ta fara saɓulewa. Ta canza yashin kwanon Toka safe da yamma. Ta buɗe ɗakin ajiya, warin ya mare ta har idonta ya kawo ruwa, ta haska ƙasa da fitilar waya: babu kashi, babu fitsari, kwalaye ne a jere har kusa da rufi, kowanne da salatif ɗinsa. Ta buɗe littafi ta karanta daga sha biyar zuwa talatin. Bargo. Bargo. Littattafai. Wayoyin wuta. Babu abin da yake ruɓewa a ciki. Hancinta yana ce mata nan ne, littafi yana ce mata ba nan ba ne, ta bi littafi. Ta ce ɓera ne ya mutu a cikin rufi.

Injiniya ya dawo a gajiye ya hau kujera ya cire allon rufin, ya leƙa, ƙura kawai. Ya kwance bututun wanke-wanke, ya fito da wani baƙin curin gashi na mutanen da suka zauna kafin su, tsawon hannu, yana ɗiga. Akawu ta fita baranda ta riƙe ƙarfen dogarawa. Warin ba daga shi ba ne. Yaya ta kunna turare a kusurwa huɗu, wari ya auri ƙamshi suka haifi abin da ba shi da suna. Sannan ƙudaje suka zo, korayen nan masu ƙyalli da ƙugi. Akawu ta kashe ashirin da shida da silifa kafin ta daina ƙirgawa, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ƙaramin abu ne yake sa ta daina ƙirgawa ba.

Ranar Laraba, kwana na shida, aka ji ƙarar makullai a matakala. Mai Makullai ya tsaya nesa da ƙofa, hankici a hanci. Ya ce na ƙasa sun kawo ƙara, na gefe sun kawo ƙara, mai ciki ta hawa na biyu ta koma gidan iyayenta. Ya leƙa falo ya ga kyanwa, ya ga 'ya'ya huɗu, ya ga zomo yana cin igiyar labule. Ya ce shi kyanwa ɗaya aka ce masa. Akawu ta fara bayanin cewa zomayen baƙi ne, 'ya'yan kuma an riga an yi musu masu karɓa, Mama ta tari numfashinta daga kan kujera ta ce, Malam, gaskiya ɗaya ce, kyanwar ce, mu ma mun gaji.

Ya ba su zuwa azahar ɗin Asabar. Ko dabbobin su fita, ko masu dabbobin.

Da ya sauka Injiniya ya ja matarsa kicin. Ya yi maganar a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce ba za su sake neman gida a cikin wannan zafin saboda kyanwa ba. Akwai bayan kasuwa inda masu kifi suke zubar da ƙaya, kyanwoyi sun fi talatin a wurin, duk sun yi ƙiba, can zai kai ta.

"Ta Baba ce," in ji Akawu.

"Na sani. To ki samo mini warin kafin Asabar, ni ma in huta."

Kwana uku. Ta ƙirga su awa-awa. Ta wanke labule, ta wanke katifar baƙi, ta shinshina takalman kowa ɗaya bayan ɗaya, ƙafa goma sha takwas, abin da ba ta fatan maƙiyinta ya yi. Warin ya bi ta har wurin aiki, ya shige mayafinta ya ƙi fita. Wata tsohuwa da ta zo sayen maganin hawan jini ta ja baya, ta tambaye ta cikin tausayi ko tana da ciwon da take ɓoyewa. Ranar Juma'a Injiniya ya shigo da kwandon roba mai murfi ya ajiye bayan ƙofa. Mama ta ce kwandon ya yi kyau.

Asabar da safe aka kira Akawu kanti, ranar ƙidayar kaya ce ta ƙarshen wata. Ta tafi ba don tana so ba. Mai kantin, mace mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, ta ba ta layin maganin tari. Hankalin Akawu yana gida. Ta dubi takarda, ta ga an rubuta ashirin da huɗu, ta dubi kanta ta ga kwalabe a jere, ta soke ta wuce. Mai kanti ta kira ta ta dawo.

"Kin taɓa su?"

"Takarda ta ce ashirin da huɗu, Anti."

"Takarda abin da aka faɗa mata ta sani. Sa hannu."

Akawu ta sa hannu. Ashirin da biyar. Wata ta ɓuya a baya, an dawo da ita ba a rubuta ba. Ta tsaya da kwalbar a hannu. Kwalayenta. Lambobi ta soke, ɗaya zuwa arba'in da uku, amma ba ta taɓa dafa su ta ƙirga ba. Ta buɗe ashirin da bakwai, ta san wannan don da hannunta ta ninke su. Ya kamata a ce sha shida ne a ɗakin ajiya. Wa ya ce mata sha shida ne? Littafi. Wa ya faɗa wa littafi? Ita.

Ta ajiye kwalbar ta roƙi izini. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ta haye matakala arba'in da biyu, bibbiyu. Ta tarar Injiniya yana ɗaure murfin kwando da waya, Toka tana ciki ta yi tsit, ido kawai. 'Yan biyu suna kuka, Mama tana ce musu a kawo musu wata mai tsafta idan sun girma.

Akawu ta ce a ba ta minti goma. Ta shafa man zafi a ƙarƙashin hanci, ta ɗaure fuska da ɗankwali, ta buɗe ɗakin ajiya, ta fara jan kwalaye zuwa lungu. Kowanne ta dafa shi ta faɗi da ƙarfi, ba lambar da ke jikinsa ba, ƙirgar hannunta. Ɗaya. Biyu. Yaya ta ce yau kuma abin ya motsa. Goma. Sha ɗaya. Ƙudaje suka tashi kamar an taɓa gidan rina. Sha biyar. Sha shida. Ta ɗago kai, ga wani can a kusurwa, a ƙasa, wanda sauran suka danne.

Sha bakwai.

Ta haska shi. Sha tara aka rubuta a jikinsa. Ta waiwaya lungu, ga sha tara nata can, bargunan sanyi, da rubutunta ƙanana a tsaye. Wannan kuwa lambar ƙatuwa ce, a karkace, an bi ta sau biyu da alƙalami, rubutun wanda idonsa ba ya gani sosai. Da ta ja shi gindin ya biyo a jiƙe, ya bar wata baƙar hanya mai yauƙi a kan siminti.

Ba ta yarda ta buɗe shi a lungu ba. Ta tura shi da ƙafa har baranda, ta tsaga salatif da wuƙa. Zan taƙaita, don wataƙila wani yana cin abinci. Leda uku ce, ɗaya cikin ɗaya, an ɗaure da kyau, ta ciki ta kumbura ta fashe. Kajin sun koma kore da shuɗi. Kifin ya narke ya zama ruwa, sai ƙaya da idanu. Sauran ba a gane wanne ne hanta wanne ne nama. Kuma duk abin yana motsi, fari fat, tsutsa a kan tsutsa, da wani ɗan sauti kamar ana soya abu a nesa. Yaya ta ruga banɗaki ba ta kai ba. 'Yan biyu suka daina kuka suka fara wani iri. Injiniya, mutumin da ya buɗe matattun firji sun fi ɗari a rayuwarsa, ya zauna a ƙasa ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

An naɗe ledojin da zane don su riƙe sanyi. Mai ruwan ƙasa, da furanni.

Babu wanda ya dubi Mama, kuma kowa ita yake kallo. Ta taso a hankali, ta leƙa daga nesa, ta daɗe tana duban zanen. Sannan ta gyara mayafi ta ce ita dai ba ta ga dalilin da za a kyautar da kaji biyu ba, shi ya sa ta karɓe ledar daga hannun yaron nan a matakala.

"Kin ce wanda ba lamba ba ya hawa mota. Na duba na kusa da ni na kwafa."

"To da muka iso fa, Mama?" in ji Injiniya daga ƙasa.

"Da muka iso me? Na ɗauka littafin ya faɗa mata. Ba komai yake sani ba?"

Akawu tana da magana a bakinta, ta ƙirga ta kai bakwai, kowacce da kaifinta. Akwai ta kwana tara da aka yi ana zagin kyanwar mahaifinta. Akwai ta 'yan dakon da aka yi wa ƙazafin zane. Akwai ta mijin da ya ce an gama. Amma ƙyamar da ta fi ci mata rai ba ta kwalin ba ce, ta kanta ce: ita da ta tsaya a ƙofar ɗakin nan sau biyar, wari yana dukanta a fuska, tana karanta takarda. Kyanwa ta sani tun rana ta uku. Ta sauke ɗankwalin daga fuskarta ta ce, littafin bai sani ba, Mama, ni ma ban sani ba. Sannan ta juya ga Injiniya ta ce tunda an gama, sai ya ƙarasa.

Shi ya sauka da shi, a cikin bahon wanki, hannu a miƙe, fuska a juye, matakala arba'in da biyu, maƙwabta suna rufe ƙofofi yana wucewa. A ƙasa ya ci karo da Mai Makullai yana hawowa cika alkawarin azahar. Dattijon ya leƙa bahon, ya ja baya taku uku, ya tambaya ko kyanwar ce ta rubuta lambar. Injiniya ya ce a'a. Dattijon ya ce to kyanwa ɗaya tana nan a kan sharaɗinta, 'ya'yan a ba su wata guda, zomaye kuwa ba ya son ya sake ganin ko kunnensu.

Akawu ta kwance wayar kwando da hannunta. Toka ta fito, ta yi miƙa, ta wuce gaban Mama ba ta ko kalle ta ba, ta je ta kwanta wa 'ya'yanta.

Ba a nan wahalar ta ƙare ba. Kwali uku da suka jingina da shi sun sha ruwan, aka zubar da bargo biyu da littattafai goma sha huɗu da bahon wankin ma. Simintin ɗakin ajiya ya sha wanki sau goma sha ɗaya, warin bai bar shi ba sai bayan kwana goma sha biyu, kuma har yau idan rana ta take Akawu ta rantse tana jin sauransa. Ba ta sake cin kaza ba. Idan ta wuce masu kifi sai ta canza hannun titi.

Mama ba ta ba da haƙuri ba, kuma ba wanda ya sa ran haka. Har ta tafi tana cewa kyanwa ƙazamar dabba ce. Abin da kawai ta ƙara shi ne, wannan dai hancinta ya fi na masu boko. Ta ga likitan idon a rana ta talatin da shida, aka ba ta tabarau. Yaya ta tattara 'yan biyu da jariri da zomaye, waɗanda a lokacin sun zama bakwai, da 'yar kyanwa ɗaya da yaran suka nace. Da motarsu ta ɗaga, Akawu ta hau sama, ta buɗe tagogi duka shida, ta zauna a ƙasan kicin, Toka a cinyarta, ta jawo aljihun cokula ta juye. Ba ta buɗe littafi ba. Ta ɗauke su ɗaya-ɗaya. Goma sha ɗaya, maimakon sha biyu.

Ku ma ku gwada yau, ba sai za ku tashi daga gida ba. Ku je ɗakin da kuke jibge kaya, ku ajiye takarda da abin da kuke zaton kun sani, ku dafa kowane kwali da tafin hannu ku ƙirga da ƙarfi. Idan kuma akwai kyanwar da ta tare a wata ƙofa tana kuka, ku fara da wannan ƙofar.